Lakiston, ƙauyen Ingila inda manoma ke shari'ar gona da kansu

Ƴan uwa manoma da makiyaya, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A wannan wata za mu kai ku ƙasar Ingila, wani ƙauye da ake kira Lakiston. Turawa suna rubuta sunan haka: Laxton. Ƙaramin gari ne, mutanensa ƴan ɗaruruwa ne kawai. Ba shi da babbar kasuwa, ba shi da masana'anta. Duk da haka kowace shekara baƙi suna zuwa, malamai da ɗalibai da masu yawon buɗe ido. Mi suke zuwa kallo? Gonaki suke zuwa kallo. A duk faɗin Ingila, nan ne kaɗai ƙauyen da ya rage inda ake noma bisa tsarin kakanni na shekaru ɗaruruwa, kuma manoman garin ke zama da kansu su yanke hukunci bisa iyakar gona.

Ina garin yake?

Ingila tana cikin wani babban tsibiri, arewa da Faransa, teku ya raba su. Babban birninta shi ne Landan. Daga Landan zuwa Lakiston, in aka yi arewa, tafiyar ta kusa kai nisan Maradi zuwa Damagaram. Garin yana cikin jihar Notingam. Ɗaya daga cikin manyan garuruwan da ke kusa da shi masu tashar jirgin ƙasa shi ne Niwak, wajen kilomita 16.

Ƙasar wurin jar laka ce mai nauyi, irin wadda ke kama ƙafa in ta jiƙe. Ga wani abin mamaki: ruwan da ke sauka can cikin shekara wajen milimita 600 zuwa 700 ne, bai ɗara na Maradi da yawa ba a shekara mai kyau. Amma su ba su da damina da rani irin namu. Ruwan yana zuwa kaɗan-kaɗan cikin wata 12, rana kuma ba ta da zafin da za ta shanye shi. Saboda haka damuwar manomin can ita ce yadda zai fid da ruwa daga gona, kada shuka ta ruɓe.

Gidajen garin na jan bulo ne, sun yi layi bisa babbar hanya. A sauran ƙauyukan Ingila, manomi yakan gina gidansa can tsakiyar gonarsa, nesa da maƙwabta. A Lakiston kuwa gidajen manoma suna cikin gari, ƙofa kusa da ƙofa, kamar yadda muke zaune. Da safe kowa ya fita ya nufi fili.

Gona ziri-ziri

Manyan filaye 3 ne suka kewaye garin: Filin Yamma, Filin Kudu, da Filin Injin Niƙa. Na ukun ya samo sunansa daga wani injin niƙan alkama mai aiki da iska, wanda ya daɗe da faɗuwa. Dukansu in aka haɗa sun kai wajen hekta 200. Cikin filayen nan babu shinge, babu waya, babu bango. An raba su ziri-ziri, dogaye marasa faɗi, ɗaya kusa da ɗaya. Kowane manomi yana da ziri cikin kowane fili, wani a nan, wani a can.

Mi ya sa suka yi gona doguwa haka? Masu shanun huɗa za su gane da sauri. A zamanin da, garmar da ke iya fasa lakar nan babba ce mai nauyi. Sai an ɗaura mata shanu da yawa, wani lokaci har 8. Juya irin wannan ayari a bakin gona wahala ce. Shi ya sa suka tsawaita gonar, don shanu su yi tafiya mai nisa kafin a juya su. Tsawon da aka saba shi ne wajen mita 200. Talaka kuwa ba shi da shanu 8. Wannan ya kawo sa ɗaya, wancan ya kawo biyu, a haɗa, a yi huɗar kowa bi da bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mi ya sa kuma ba a tara ma mutum gonarsa wuri ɗaya ba? Domin ƙasa ba ɗaya ba ce. Akwai tudu, akwai kwari, akwai inda ruwa ke kwanciya, akwai na kusa da gari da na nesa. Da aka warwatsa rabon, kowa ya samu mai kyau ya samu maras kyau. In ruwa ya ci zirinka na kwari, na tudu ya fisshe ka.

Fili uku, shekara uku

Dokar garin ita ce duk masu ziri cikin fili ɗaya su yi shuka iri ɗaya a lokaci ɗaya. Shekarar farko alkama: ana shuka ta wajen watan Oktoba, ta kwana cikin sanyi, a girbe ta wajen watan Agusta. Shekara ta biyu sai shukar bazara, kamar sha'ir ko wake. Shekara ta uku filin ya huta, abin da muke kira saura ko sabra. Haka suke juyawa. Kowace shekara fili ɗaya yana da alkama, ɗaya yana da shukar bazara, ɗaya yana hutu. Tun da kowa yana da ziri cikin dukan filayen, babu wanda hutun ke bari hannu wofi.

A zamanin yau an ɗan sassauta dokar. An yarda a shuka ciyawar dabbobi a filin da ke hutu, a yanke. Shanun huɗa kuma sun ba tarakta wuri. Amma juyin nan na shekara 3 yana nan.

Rabon dabbobi

Makiyaya, ga naku. A tsarin kakannin mutanen nan, noma da kiwo tare suke tafiya. Manomin shi ne mai tumaki, shi ne mai shanu. In an gama girbi, an kwashe amfanin kowa, sai a yi shela an saki fili. Daga ranar, iyakar ziri ta faɗi, dabbobin gari su shiga su ci kara ko'ina. Filin da ke hutu shi ma makiyaya ce. Dabba ta ci, ta bar taki, alkamar baɗi ta amfana.

Amma ba sakaka ake yi ba. Kowane gida an san yawan dabbobin da yake da ikon saki, don kada mai dukiya ya cinye rabon talaka. Akwai kuma mutum ɗaya da aka naɗa, aikinsa kamun dabbar da ta shiga shuka kafin lokaci. Ya kai ta wani ɗan garke mai bango cikin gari ya kulle. Mai ita ba ya karɓa sai ya biya tara. Garken yana nan har yau, baƙi suna tsayawa kallonsa, kuma har yanzu akan naɗa mai wannan muƙami.

Cikin filayen akwai wasu wurare da ba a taɓa sa masu garma ba. Kwari ne da hanyoyin ruwa da hanyoyin shiga gona, ciyawa ta rufe su. Da bakinsu suna ce masu sikis. Su ne burtalinsu. Ba a zuba masu takin zamani, ba a fesa masu magani, saboda haka tsofaffin ciyayi da furannin da suka ɓace a wasu wurare suna nan, har gwamnati ta sa wurin cikin waɗanda doka ta kare. Kowane watan Yuni ana gwanjon ciyawar. Ka'idar ita ce, sai wanda hayaƙi ke tashi a gidansa cikin garin yake da ikon tayawa. Baƙo, komin kuɗinsa, sai dai kallo.

Ranar duban iyaka

To, gona babu shinge, ƙaƙa ake hana wani cin iyakar wani? Wannan shi ne babban abin da ya sa sunan garin ya yi nisa.

Kowace shekara, ƙarshen watan Nuwamba, mutum 12 daga cikin manoman garin tare da shugabansu suna fita duban iyaka. Suna zuwa filin da ya gama hutu aka shuka masa alkama. Su hau amalanken da tarakta ke ja, ɗauke da turaku na itace da guduma. In sun isa sai su rabu, su bi bakin kowane ziri da ƙafa, cikin sanyi da caɓi. Inda turke ya ruɓe ko ya ɓace, su kafa sabo. Inda suka ga garmar wani ta shiga ciyawar jama'a, su rubuta. Inda wani ya watso ƙasa bisa hanya bai kwashe ba, su rubuta. Inda aka bar hanyar ruwa ta toshe, su rubuta. Har wanda huɗarsa ba ta kai iyaka ba, shi ma ana rubuta shi, domin iyaka tana ɓacewa in ba a bi ta daidai ba.

In sun gama su koma gari, su ci abinci tare, su shirya takardar laifuffuka, su yanka ma kowa tarar da suka ga ta dace.

Bayan mako ɗaya, farkon Disamba, kotu ta zauna. Babu wani babban gini na shari'a. A gidan cin abinci da shaye-shaye na garin ake zama, wanda sunansa ke nufin ɗakin tantabaru. Wakilin mai ƙasa, wanda lauya ne, shi ke shugabanta. A kira sunan masu gida ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai zo ba, ana biya masa kwabo 2 na kuɗin Ingila, wajen dala 3 na kuɗinmu. Daga nan a karanta laifuffuka. Wanda aka ambata yana da bakin magana, ya kare kansa gaban maƙwabta. Wani lokaci a rage tarar, wani lokaci a tabbatar da ita. A ƙarshe a rantsar da sababbin mutum 12 da za su duba filin baɗi.

Tarar ba ta da yawa, fam kaɗan ne. Abin da ya fi ciwo shi ne a kira sunanka gaban jama'a. Kuma wanda ya yanka ma wani tara bana, ya san baɗi ana iya duba tasa gonar. Wannan shi ke sa kowa ya yi adalci.

Kada ku ɗauka wasa ne ake yi don baƙi. A da, ƙauyukan Ingila da yawa suna da irin wannan kotu. A shekarar 1977 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan tsofaffin kotuna, amma ta ambaci ta Lakiston da suna, ta bar mata ikonta. Hukuncinta yana da ƙarfin doka.

Tarihin garin

A shekarar 1066 wani sarki mai suna Wiliyam ya ƙetaro teku daga Normandi, arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. A 1086 ya aika ma'aikata gari-gari su ƙidaya mutane da garmuna da dazuzzuka, don ya san harajin da zai karɓa. Aka rubuta komi cikin wani babban littafi wanda yake ajiye har yau. Sunan Lakiston yana ciki. Kun ga garin ya haura shekara 900 a rubuce.

Mutanen Normandi sun gina gidan sarauta mai ganuwa arewa da garin. Sun tara ƙasa da hannu ta zama babban tudu, suka haƙa rami kewaye. Masu gidan su ne aka ba riƙon dajin sarki na Shawud, inda ake farautar barewa, kuma inda tatsuniya ta ce ɗan fashin nan Robin Hud ya zauna, mai ƙwace na masu kuɗi yana ba talakawa. Sarki Jon, wanda ya yi mulki daga 1199 zuwa 1216, ya sha sauka a gidan. Yau ginin babu shi, sai tudun da ramin, ciyawa ta rufe su.

A shekarar 1635 mai ƙasar na lokacin, wani attajirin Landan da ake kira William Courten, ya sa wani ma'auni mai suna Mark Pierce ya auna garin duka. Ya zana taswira mai launi, ya nuna kowane ziri, ya kuma rubuta littafi mai sunan wanda ke noma kowane ɗaya. A lokacin ziri dubu 2 da 280 ne, ƙanana ƙwarai. Ya zana har mutane suna huɗa, suna shuka, suna girbi. Taswirar tana ajiye a babban ɗakin littattafai na jami'ar Okisfod. Wanda ya riƙe hotonta ya shiga fili yau, zai tarar da hanyoyi da yawa suna nan inda aka zana su. Wannan amfanin rubutu ke nan: abin da aka sa a takarda kusan shekara 400 da suka wuce, har yanzu yana ba da shaida.

Yadda sauran ƙauyuka suka rasa nasu

A da, ƙauyuka dubbai na tsakiyar Ingila haka suke noma. Sai manyan masu ƙasa suka ga in an haɗe gonaki wuri ɗaya aka kewaye da shinge, za su fi samun riba. Suka riƙa kai buƙata majalisa, ana yi masu doka gari-gari. Daga 1604 zuwa 1914 an yi irin wannan doka fiye da dubu 5, mafi yawansu tsakanin 1750 da 1850. Ƙasar da aka kewaye ta kai wajen hekta miliyan 2 da dubu 800, kashi ɗaya cikin 5 na Ingila. Aka dasa shingen ƙaya ko'ina.

Gaskiya ne amfanin gona ya ƙaru, an samu damar gwada sababbin iri da gyaran dabbobi. Amma talaka ya sha wuya. Mai saniya ɗaya da ƴan dinya, wanda ya dogara ga makiyayar gari, ya wayi gari babu inda zai kai su. Wurin yin itace ma an rufe. Da yawa suka sayar da ɗan rabonsu suka zama ƴan ƙodago a gonar wasu. Wasu suka yi ƙaura zuwa birane, aikin masana'anta.

Lakiston ta tsira ne saboda manyan masu ƙasa biyu da ke da rabo a garin sun kasa shiryawa bisa yadda za a yi rabon. Da ƙasar ta koma hannun gida ɗaya, gidan Manvers, wajen 1867, sai ya zamana kuɗinsu sun tafi ga ginin wani ƙaton gida. Bayan haka farashin alkama ya faɗi, babu mai sha'awar kashe kuɗi a gona. Abin da aka yi kawai, bayan shekarar 1900, shi ne haɗe ƙananan ziri su zama manya. Yau ba su kai 200 ba. Kafin a farga, duk maƙwabta sun kewaye nasu, Lakiston ta zama abin kallo. Akwai wuri ɗaya ko biyu a ƙasar da ake ganin ragowar gona ziri-ziri, amma nan kaɗai juyin shekara 3 da kotun suke aiki.

Halin da ake ciki

Manoman garin ba su ne masu ƙasar ba, haya suke biya. Saboda haka duk lokacin da ƙasar za ta sake hannu, hankalinsu yakan tashi. A 1952 gidan Manvers ya sayar da ita ga ma'aikatar gona ta gwamnati. A 1979 gwamnati ta ce za ta sayar, masana tarihi da jama'a suka yi ca, suna tsoron mai saye zai rushe tsarin. A 1981 hukumar da ke riƙe da dukiyar gadon sarautar Ingila ta karɓa, da niyyar barin tsarin yadda yake. A 2020 ita ma ta sayar, ƙasar ta koma hannun magadan gidan Manvers, waɗanda suka ce za su ci gaba da riƙon amanar.

Wahala ba ta ƙare ba. Manoman da ke da ziri ba su kai 20 ba. Gonakinsu ƙanana ne in an gwada da na sauran Ingila, ko da an haɗa da ƴan gonakin shinge da kowa ke da su a gefe. Manyan injunan zamani ba su jin daɗin aiki cikin ziri. Wasu sai sun haɗa da wani aiki kafin su ci da iyali. Tsarin yana buƙatar mutane, domin in babu manoma 12 da za su fita duban iyaka, kotu ta mutu. Babbar tambayar garin ita ce ko ɗiyansu za su yarda su gaji wannan noma.

Abin da baƙo zai gani

Wanda Allah ya kai shi, ya fara da ɗan ɗakin baƙi da ke kusa da gidan da kotu ke zama. Akwai hotuna da bayanin tarihin garin. Daga nan ya bi hanyar gari ya ga gidajen manoma da rumbunansu na bulo, ya ga garken tsare dabbobi. Ya leƙa majami'a, ɗakin ibadar Kirista, tsohon gini na dutse, inda kaburburan masu garin na da suke, an sassaƙa siffarsu bisa. Ya hau tudun gidan sarauta, ya hangi ƙasa har nesa.

Sa'an nan ya shiga fili. Akwai hanyoyin ƙafa da aka yarda kowa ya bi, muddin bai taka shuka ba. Zai ga sarari babu shinge, ziri kusa da ziri, da kawunan turaku a bakin ciyawa. Watan Yuni da Yuli sun fi daɗin yawo, rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, alkama ta yi tsawo. Mai zuwa watan Nuwamba kuwa ya nemi rigar sanyi da takalmin roba. Dajin Shawud yana yamma, tafiyar ƴan mintoci cikin mota, da manyan itatuwansa masu shekaru ɗaruruwa.

Mu da su

Ƴan uwa, labarin nan ba baƙo ba ne a kunnenmu. Mu ma muna dasa gamba a iyakar gona. Mu ma muna jiran ranar da hukuma za ta ce an saki gonaki bayan girbi. Mu ma mun san yadda burtali ke ƙanƙancewa, bana taki ɗaya, baɗi taki biyu, har ranar da garke zai rasa hanya, faɗa ya tashi. Dokar karkara ta ƙasarmu ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da ƙasa don irin wannan matsala.

Mutanen Lakiston ba su jira sai rigima ta tashi. Sun sa rana ɗaya cikin shekara, suna fita tare, suna bin iyaka da ƙafa, suna gyara ɓarnar taki ɗaya tun ba ta zama ta taki goma ba. Ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, ku tattauna a dandali. Garin da ke da irin wannan al'ada ta duban iyaka ko burtali, ya rubuto mana yadda yake yi, mu buga don sauran garuruwa su ji.